Keken da Ba Ya Hutar da Ƙafa

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya ba mu ji da gani, kuma yake karɓar abinsa lokacin da ya so.

Idona ya fara yana. Ba ya mini ciwo, wani farin hayaƙi ne kawai yake shiga tsakanina da fuskokin mutane, yau kaɗan gobe kaɗan, har ta kai ina gane jikokina da tsawonsu. Da yamma akan shimfiɗa mini tabarma a ƙofar gida, in zauna ina fuskantar hanyar da ta taso daga Gaya ta nufi Ajingi. Hanyar da na sani yashi ce da sawun shanu. Yanzu babura da 'yan adaidaita sahu ne ke kai da kawo a kanta wuni guda. Nakan kasa kunne in ce bari in gwada gane babur ɗin gidanmu a cikinsu, amma duk ƙugi ɗaya suke yi. Rannan wani ya tsaya a gabana ya danna hon har na zabura, sai na ji dariya, ya ce, "Kaka, ni ne fa!" Na amsa masa, na sa masa albarka. Da ya shige gida sai na tarar zuciyata ta koma wurin mahaifina, wanda shi ma ya zauna a wannan ƙofar yana fuskantar wannan hanyar, ba ya gani.

A wancan zamanin ƙauyenmu da kunne ake saninsa. Da asuba za ka ji guga yana bugun bakin rijiya, sai ƙarar nono yana zuba a ƙwarya, sai yara suna biya karatu a bakin wutar kara. Da hantsi mata su kama lugude, kowane gida da irin bugun taɓaryarsa, har kana iya cewa yau gidan wane surfe suke yi ba daka ba. Mahaifina, wanda muke kira Baffa, makiyayi ne, kuma tun idonsa na garau ba da ido yake duba shanunsa ba. Yakan tsaya a tsakiyar garke kafin gari ya waye, ya yi shiru, can sai ya ce, "Farar nan mai karyayyen ƙaho ba ta da lafiya, numfashinta ya yi nauyi." In rana ta fito a duba, haka ne. Yakan ce mana, dabba ba ta iya ɓoye numfashinta, mutum ma bakinsa kawai yake iya gyarawa.

Sai shekarun fari suka zo. Ruwa ya ɗauke tun gero bai yi kai ba, fadama ta tsage, shanu suka riƙa kwanciya suna kasa tashi. Wasu suka mutu, wasu aka kai su kasuwa a wulakance. A cikin waɗannan shekarun ne idon Baffa ya rufe, kamar dai ya ga abin da ya ishe shi. Garken da ake jin kukansa daga bakin rafi ya koma maraƙi guda a turke. Ni kuma a lokacin na sauke Alƙur'ani a hannun malamin ƙauyenmu, ina rubutun ajami, gemu ya fara tsiro mini, rumbunmu kuwa ana ganin ƙasansa. Wani tela a kasuwar Gaya, abokin kawuna, ya ce zai ɗauke ni in koyi ɗinki.

Baffa bai so ba.

Ya ce, "Na ga 'ya'yan mutane da suka tafi gari. Da fari suna zuwa Juma'a-Juma'a, sai su koma salla-salla, daga nan sai ka ji sun yi sallama a ƙofar gidan ubansu kamar baƙi. Ka je ka koyi ɗinkin. Amma a gidan nan za ka riƙa kwana, kuma hannunka ne zai kai ni masallaci da magariba. Ranar da wani hannu ya kai ni, ka mayar wa tela almakashinsa."

Na ce, "To, Baffa."

Shi kuwa mutum ne da in ya faɗi magana, ko a kan kansa ta faɗo ba ya janye ta. Ga shi tafiyar Gaya a ƙafa, in ka fita bayan asuba sai hantsi ya dubi ludayi, tela kuma ba ya sakin yaransa sai bayan la'asar sakaliya. Inna, mahaifiyata, ita ce ta kawo maganar keke, kuma ita ce ta dubi maraƙin nan ta kawar da kai. Wani dillali daga Toranke ya zo da tsohon keke baƙi, ya koma da maraƙin a igiya.

Kafin a ƙulla cinikin Baffa ya ce a kawo masa keken. Ya bi shi da tafin hannu kamar yadda yake duba saniya, daga kai zuwa sirdi, daga sirdi zuwa sarƙa. Ya sa aka ɗaga bayan, ya juya taya, ya kara kunne.

Ya ce, "Wannan bebe ne. Na mutane in an juya su suna magana."

Dillali ya ce, "Ai Baffa alherinsa ke nan. Ba abin da zai lalace a cikinsa, don babu komai a ciki."

Ga abin da dillalin ya ƙi faɗa sarai. A cibiyar tayar baya akwai wani ƙarfe mai haƙora wanda sarƙa take hawa, ana ce masa firi. Shi ne yake barin mahayi ya tsayar da ƙafarsa keke yana ta tafiya, yana wata 'yar ƙara, tik-tik-tik, kamar gyare. To firin nawa ya daɗe da mutuwa, ba a samu wani ba, sai wani maƙeri a Gaya ya narka jan ƙarfe ya liƙe shi. Saboda haka in taya ta juya feda ta juya. Ko tura shi kake yi a ƙasa, sai ka ga feda suna zagawa su kaɗai kamar wani da ba a gani yana kai. Birki kuwa na gaba ne kawai, shi ma sai ya ga dama.

Na koyi hawa a kan keken ɗan mai unguwa, don haka na fita ranar farko ina ganin na iya. Tsakanin ƙauyenmu da babbar hanya akwai gangare mai sauka zuwa rafi. Da na kama gangaren sai na yi abin da kowa yake yi, na tsayar da ƙafa in huta. Feda ta ɗago ni daga kan sirdi ta jefar. Na tashi da yashi a baki, gwiwa tana jini, sarƙa ta cinye ƙafar wandona na salla. Wannan ma da sauƙi. A lokacin yaro ba ya wuce dattijo a kan keke. Tun daga nesa zai ɗauke ƙafa ɗaya, ya tsaya a kan feda guda keke yana gangarawa da shi, ya dira, ya cire takalmi ya durƙusa. Nawa keken bai san wannan ladabi ba. A bakin kasuwar Gaya na hango dattawa a gindin tsamiya, na nemi tsayawa, abu ya ƙi. Na wuce su ina cewa, "Ranku ya daɗe, ina zuwa!" Na zagayo tsamiyar, na sake wuce su ina cewa, "Ranku ya daɗe, ku yi haƙuri!" Sai da na rungumi dangar wani mai rake sannan na samu na gaishe su.

Na tambayi maƙerin da ya yi wannan aiki, aka nuna mini rumfarsa. Asalinsu Barebari ne, tsakaninsu da mu Fulani kuwa akwai wasa, don haka tun kafin in yi sallama ya fara.

"Lallai duniya ta zo ƙarshe, ɗan Fulani a kan ƙarfe! Me ya sami gwiwarka, saniya ce ta harbe ka?"

Na ce, "Aikinka ne ya harbe ni, bawan Fulani."

"Ubangidanka dai. Kawo in gani." Ya juya tayar, ya yi dariya har da tari. "Wannan ai lafiyarsa ƙalau, kai ne ba ka da haƙuri. Ba a yi masa gardama. In kana so ka tsaya, tun daga nesa za ka fara roƙonsa, ka riƙa danne feda lokacin da take tasowa. Kuma ka ɗaure bakin wandon nan, kafin ya tuɓe ka a gaban 'yan matan kasuwa."

Haka na koya. Inna ta yanko mini tsumma ina ɗaure ƙafar wando. Da safe in taka zuwa Gaya, in wuni ina taka keken ɗinki, da yamma in sake takawa zuwa gida. Komawar ce mai wuya, domin gangaren da ya jefar da ni da safe shi nake hawa da yamma, cikin yashi, rana tana ja a gabana, ina tsoron kada ladan ya riga ni. In na hau kuma babu hutu, sai in fara kokawa da feda don in tsaya. Nakan iso ƙofar gida ƙirjina yana zafi, ko sallama ba ta fita daidai.

Amma kullum sai in tarar da Baffa a tsaye, takalmi a ƙafa, sanda a hannu, ɗayan hannun a miƙe yana jirana. Na ɗauka Inna ce take hango ni ta gaya masa. Da na tambaye ta sai ta ce, "Ni? Shi dai yake gaya mini. Sai in ji ya ce, zuba ruwa a buta, ga shi nan ya kamo gangare." Na ce a raina ya san lokaci ne da sanyin rana a jikinsa, ban ƙara bi ta kai ba.

Wannan 'yar tafiyar daga ƙofar gida zuwa masallaci, ban san ita ce dukiyata ba sai da ta wuce. Yakan riƙe ni a wuyan hannu, ba a tafi ba. Mu bi ta gefen dangar kara, mu wuce turken da babu komai a kansa, warin hayaƙin tuwo yana tashi daga gidaje.

"Yau me ka ɗinka?"

"Aljihu, Baffa."

"Jiya ma aljihu."

"Sai na iya aljihu za a ba ni wuyan riga."

"To Allah ya kai mu wuya. Mutanen Gaya dai sun samu wurin zuba hannu."

Damina ta zo ta wuce, kaka ta zo. Ƙafafuna suka yi ƙarfi, amma zuciyar saurayi ba ta rasa abin so. Abokan koyon ɗinkina masu keke sukan tashi da yamma, su taka kaɗan su saki, su bi ta bakin rijiya hannu ɗaya a aljihu, firi yana tik-tik, 'yan mata suna waiwaye. Ni kuwa in bi bayansu ina ta tuƙi kamar mai niƙa, suna ce mini, "Ka huta mana, ko bin ka ake yi?" Bayan ɗinkin babbar salla, maigidana tela ya je Kano saro yadi, ya dawo ya miƙo mini wani abu a ƙunshe cikin takarda mai maiƙo. Sabon firi ne. Ya ce, "Ka yi ƙoƙari a sallar nan. Je ka a sa maka, ka daina shigo mini rumfa kana haki." Maƙeri ya sa awartaki da guduma ya cire tsohon, ya wurga shi cikin tarin ƙarafa, ya ce, "Yau ɗan Fulani ya zama mutum."

Ban taɓa jin daɗin hanya irin na ranar ba. In taka in saki, iska tana shiga rigata. Na huta a duk inda hanya ta kwanta, don haka da na zo gangaren na hau shi kamar ba shi ba. Na tsaya a kan feda guda kamar yadda 'ya'yan mutane suke yi, na gangaro har ƙofar gida ina tik-tik-tik, na dira ba tare da na ce komai ba. So nake Baffa ya ji da kunnensa cewa beben ya yi magana.

Yana zaune. Takalmansa suna gefe. Fuskarsa tana kallon hanya, ta wuce ni.

Ya ce, "Sannu da hanya, bawan Allah. In daga Gaya kake, ko ka baro wani yaro a baya, dogo haka, a kan keke marar ƙara? Ɗana ne. Lokacinsa ya yi, ban ji shi ba. Ko taya ce ta sace masa."

Na ce, "Baffa, ni ne."

Ya miƙo hannu, na durƙusa, ya laluba ya ɗora tafinsa a ƙirjina, ya bar shi nan.

"Ina numfashinka?"

Na gaya masa labarin firi, da tela, da maƙeri. Ya saurara har na gama.

Ya ce, "Tun daga bakin rafi nake jin ka. Kekunan mutane duk bakinsu ɗaya, kai kuwa kana tahowa kamar maraƙin da ya ɓata ya hango garke. Da jin hakin nan naka nake sa takalmi." Sai ya janye hannunsa. "Amma madalla. Ƙafa ma tana da haƙƙi a kanka. Allah ya saka wa telan da alheri."

Bai ce in cire ba, ni ma ban cire ba. Na ce a raina zai saba. Na riƙa yin sallama da ƙarfi tun daga nesa. Abin da ban sani ba shi ne yadda yammacinsa ya koma. Ba ni kaɗai ke da keke a hanyar ba, akwai ɗan mai unguwa, da malamin makarantar boko, da masu sayen gyaɗa da suke wucewa Gafasa. Duk wanda ya gangaro yana tik-tik sai Baffa ya laluba takalmi ya miƙe, ya miƙa hannu. A gaishe shi a wuce, ya koma ya zauna ya cire. Inna ce ta gaya mini, muryarta ƙasa-ƙasa, tana kwashe tuwo. Ta ce, "Mutumin da bai taɓa miƙa wa kowa hannu ba, yanzu duk mai wucewa sai ya ga tafinsa."

Ban gama juya maganarta ba abin ya faru. Wata yamma tela ya riƙe ni kaɗan, na iso ladan yana gyaran murya. Daga kan gangare na hango keken wani mai sayen gyaɗa a jingine a dangarmu, na hango mutumin yana tafe da Baffa a hannu sun nufi masallaci. Bawan Allah ya ga makaho a tsaye da hannu a miƙe, ya yi abin da kowane Musulmi zai yi. Na tuna almakashi, na tuna rumbunmu, na tuna ba a taɓa jin Baffa ya janye magana ba.

Sai na ga ya tsaya cak a daidai turken nan. Ya zare hannunsa.

Ya ce, "Malam, wannan ba hannun ɗana ba ne. Na gode, Allah ya ba da lada. Je ka kada ka rasa jam'i."

"Baba, ai ga masallacin nan, taku kaɗan ne."

"Na san inda yake, da ni aka gina shi. A nan zan tsaya."

Ya tsaya a tsakiyar hanya, shi kaɗai, ya dogara sandarsa, ana ta kiran salla. Na yar da keken na sheƙo a guje. Da na iso ya kama wuyan hannuna ya riƙe da ƙarfi.

Ya ce, "Bai kai ni ba. Ka gani da idonka, a turke na tsaya. Maganata ba ta faɗa kanka ba."

Mun samu raka'a ta biyu. Ban san abin da liman ya karanta ba.

Washegari kafin in je rumfar tela na biya wurin maƙeri. Na ce ya cire sabon ya mayar mini da tsohon.

"Kai, ashe gaskiya ne da ake cewa hankalin Bafillace yana tare da shanunsa! Tun da na fara ƙira ban taɓa ganin wanda ya zo a mayar masa da wahala ba. Ko nonon da ka sha ne ya yi tsami?"

Na gaya masa dalili. Ya saki zugazugi ya dube ni. Bai ƙara wasa ba. Ya durƙusa a kan tarin ƙarafan nan yana tonawa da hannu har ya zaƙulo tsohon firin, ya goge shi da gefen rigarsa, ya hura wuta. Da ya gama na sa hannu a aljihu, ya ce, "Bar shi. Ka gaida min Baffa, ka ce bawansa yana gaisuwa."

Da yammar ranar na kamo gangare ƙafata ta riga ta manta da wahalar tsohon firi, ƙirjina kamar an zuba barkono. Na ɗaga kai. Yana tsaye, takalmi a ƙafa, Inna tana fitowa da buta. Na yi kokawata da feda na tsaya, na durƙusa ina haki. Bai tambaye ni komai game da keken ba, har ya bar duniya. Ya kama wuyan hannuna kawai.

"Yau me ka ɗinka?"

"Aljihu, Baffa."

"To, mu je."

Haka na yi ta hawan wannan keken har aka ba ni wuyan riga, har na buɗe rumfata, har na yi aure, har ranar da muka ɗauki Baffa muka wuce da shi ta gaban turken nan da masallacin, zuwa inda ba a jan kowa da hannu. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Inna da tela da maƙeri, ya haskaka musu kaburburansu.

Jiya jikan nan nawa ya sake tsayawa a gabana da babur. Na ce ya matso. Na ɗora tafina a ƙirjinsa, yana dariya yana cewa, "Kaka, lafiya kuwa?" Daga Gaya yake, amma numfashinsa a kwance kamar wanda ya tashi daga barci. Yaron kirki ne, ba laifinsa ba ne, hanya ce ta daina karɓar komai a wurin mutum. Na sa masa albarka ya shiga gida.

Rana ta yi ja, na ji sanyinta a fuskata. Na laluba takalmana na jawo su kusa. Ban sa ba tukuna. Ina dai sauraron gangare.